Rumbun Ƙarƙashin Tebur: Abin Da Ke Kashe Faifan Ajiya a Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Mayanci, ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas har zuwa Gummi, zai ga irin shagon nan a bakin tasha ko gefen kasuwa. Ɗan ɗaki ne mai rufin kwano, da benci a ƙofa, wayoyin caji sun sarƙe da juna, lasifika na ta amo. Samari na miƙa waya ko memori suna cewa a tura musu sabo: ci gaban Labarina, ko Izzar So, ko fassarar Algaita, ko tafsirin azumin bara. Masu turi ake kiran masu wannan sana'a, wasu kuma su ce 'yan dauniloding.

Jarin shagon kuwa yana ƙarƙashin tebur. Tsohuwar kwamfuta ce da aka cire wa murfin gefe don ta sha iska, a cikinta an jera faifan ajiya uku ko huɗu, abin da masu sana'a ke kira had-dis. Irin wannan na'ura tana nan a ɗakin mai ɗaukar bidiyon biki, da shagon buga takardu, da ofishin makarantar kuɗi. A cikinta ake samun hotunan ɗaurin aure na shekara goma, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da wa'azin malamin da ya riga mu gidan gaskiya. A ƙasashen Turai saba ta gida suke ce mata, suna sayenta a haɗe daga kamfanoni irin su Synology ko QNAP. A yammacin Zamfara kuwa haɗa ta ake yi da hannu, da kayan gwanjo, a kuma bar ta ta yi ta fama da wuta da zafi da ƙura.

Sai wata safiya yaron shago ya kunna, ya jira, ya sake kunnawa, sannan ya ɗago kai: “Maigida, faifan ya ƙi hawa.”

Ranar da aka rufe layi

Mutanen Zamfara sun san darajar abin da ke hannu fiye da mutanen wurare da yawa. A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a karya lagon 'yan bindiga. An dawo da layi a Gusau a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. A lokacin an kuma rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka.

A waɗannan watanni babu WhatsApp, babu YouTube, babu maganar ajiye abu a intanet a ɗauko daga baya. Takardar da ba ta cikin kwamfutar mutum, to ba shi da ita. Fim ɗin da ba ya cikin faifan mai turi, babu shi a garin. Idan kuma faifan ya lalace, kai shi gyara Gusau ko Sakkwato ko Kano tafiya ce a kan hanyar da kowa ke hawa da addu'a a baki. Shi ya sa sanin ciwon na'urar nan, da yadda ake lallaɓa ta, ya zama ilimin rufin asiri a wannan yanki.

Abin da masu gyara suka daɗe da ganewa shi ne, sau da yawa faifan da aka ce ya mutu da ransa. Wani abu ne a kewayensa ya gaza, kuma gaggawar mai shi ce ke ƙarasa shi.

Wuta ce ake fara tuhuma

A cikin faifan ajiya akwai faranti masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Abu mai irin wannan laushi ba ya son a girgiza shi, ba ya kuma son a yanke masa wuta yana tsakiyar aiki.

Rubutun faifai kamar littafin bashi ne na mai kanti. Sai ya rubuta suna, sannan ya rubuta adadi. Idan fitila ta mutu bayan ya rubuta sunan kafin adadin, littafin na nan lafiya lau, lissafin ne ya rikice. Haka kwamfuta take: tana riƙe wani ɓangare na aiki a ƙwaƙwalwarta kafin ta sauke shi kan faifai, kuma tana da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake gyara jadawalin ita ce ke sa washegari Windows ta nuna faifan a matsayin RAW, kamar babu komai a cikinsa, alhali fina-finai da hotunan duk suna nan.

Yankewar wuta kuwa abincin yau da gobe ce. A Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Ko a ranakun da ake ganin lafiya, shago ɗaya na iya sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta sau da dama, kuma kowane sauyi yankewa ce ga kwamfuta. Ƙaramin janareta yana da nasa halin: a jona dutsen guga ko firji, wutar ta yi ƙasa, a cire ta yi sama. Masu sola ma ba su tsira ba, domin idan batir ya yi sanyi da magariba inbata na kashe kansa ba sallama.

Akwai kuma akwatin wutar da ke cikin kwamfutar kanta. Babban faifai kan ja kusan amfiya biyu a lokacin da yake tayar da farantansa. Idan huɗu suka tashi tare a kan tsohon akwatin wuta da aka ƙera don faifai ɗaya, sai na'urar ta riƙa kashe kanta tana tashi, ko faifai ɗaya ya ɓace yau, gobe wani daban. Ƙananan faifan aljihu da ke shan wuta ta ramin USB su ma haka: tsohon ramin USB 2.0 rabin amfiya kawai yake bayarwa. A jona uku a mahaɗa ɗaya marar wutar kanta, sai a ji suna ƙas-ƙas kamar masu shirin mutuwa, alhali yunwar wuta ce ke damunsu.

Maganin shi ne: UPS da zai riƙe na'urar minti goma a kashe ta cikin natsuwa, da akwatin wuta mai ƙarfi, da mahaɗar USB mai nata caja.

Bazara, hunturu, damina

Kowane yanayi da irin tasa cutar. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki kan haura digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin kwano kuma abin ya fi haka. Kamfanoni da yawa suna sa digiri 60 a matsayin iyakar abin da faifansu zai jure. Faifai huɗu da aka ɗora kan juna kamar tubali, babu fanka a gabansu, ba su da nisa da wannan iyaka da azahar. Alamar ita ce na'urar ta yi aiki lafiya da safe, ta daskare bayan sallar azahar, ta dawo daidai da dare.

Da hunturu kuma ƙura ce. Ba ta cika shiga cikin faifan ba, domin a rufe yake, amma tana toshe fanka, ta lulluɓe allon kwamfuta kamar bargo, ta shige ramukan da wayoyi ke zama. Hure ta duk wata yana ƙara wa na'ura kwana. Sai dai a nan akwai abin kiyayewa da ya keɓanci wannan yanki. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega, annobar da ta ci ran yara fiye da 400. Ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta ɗauko ta. Duk inda ake wannan aiki a kusa, ƙurar da ta taru a cikin kwamfuta abar tsoro ce. A fitar da ita waje, nesa da yara da wurin girki, a rufe hanci, a wanke hannu bayan an gama.

Damina na zuwa da laima da tsawa. Laima na sa bakin wayoyi tsatsa, tsawa kuma na biyo layin wuta ta ƙona abin da ta tarar. Da an ga hadari ya haɗo, zare filogi daga bango ya fi kashe makunni.

Kuskuren da ke cikin saiti

Wani ciwon kuma babu ruwan wuta ko zafi, daga yadda aka tsara faifan yake tasowa.

Na farko shi ne ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon kwamfuta, CR2032. Shi ke riƙe agogo da saitin farko na na'urar idan an kashe ta. A kwamfutar gwanjo yawanci ya riga ya tsufa. Ranar da ya mutu, saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani: tsarin da kwamfuta ke magana da faifai ya sauya, ko ta fara neman tashi daga faifan fina-finai maimakon wanda Windows ke ciki. Sai shuɗin allo, ko saƙon cewa ba a ga faifai ba. Shaidar a fili take: a duba kwanan wata, za a ga ya koma shekarun baya. Mutane sun sha sayen sabon faifai a kan abin da batirin 'yan ɗaruruwan naira zai gyara.

Na biyu shi ne suna. Harafin D ko E ko F da Windows ke ba faifai aro ne, haka ma sda da sdb a Linux. A sauya rami, ko faifai ɗaya ya yi nawar tashi, sai sunayen su musanya. Manhajar da aka saba tana kwafe D zuwa E sai ta yi akasin haka, ko mai shago ya goge wanda bai yi niyya ba. Masu lura sukan manna wa kowane faifai takarda, su rubuta lambarsa ta kamfani da abin da ke ciki, a Linux kuma su ɗaure shi da lambar UUID wadda ba ta sauyawa.

Na uku tsohon tsari ne a kan sabon kaya. Faifai mai terabait 4 da aka tsara da MBR, kusan terabait 2 kawai zai nuna, sai an mayar da shi GPT, kuma hakan ya fi sauƙi tun yana fanko. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa bidiyon biki na awa uku ke ƙin shiga filash ɗin da ke da sarari. Wanda kuwa ya sayi terabait 2 ya ga 1.81, ba a cuce shi ba. Kamfani da Windows ne kowa da mudun da yake awo da shi.

Sai babba, wato RAID, dabarar haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka yi mata wannan suna a wata maƙala ta 1988. Tana da iri-iri, kuma bambancinsu rai da mutuwa ne. RAID 0 yana rarraba kowane fayil a tsakanin faifan don sauri, saboda haka faifai ɗaya ya tafi, komai ya tafi. RAID 1 madubi ne, abin da ke wannan shi ke wancan. RAID 5 yana buƙatar aƙalla uku, yana kuma jure mutuwar ɗaya tak. Haɗarinsa yana zuwa ne lokacin da aka sa sabon faifai ana sake gini: sauran tsofaffin za su yi awanni, wani lokaci kwanaki, ana karanta su daga farko har ƙarshe. A garin da wuta ba ta kwana, a ɗakin da ke da zafin gashi, a nan ne na biyu ke faɗuwa.

Nau'in faifan ma na da tasiri. A 2020 kamfanin Western Digital ya amsa cewa wasu faifansa na WD Red, daga terabait 2 zuwa 6, suna amfani da fasahar SMR, wadda ke jera layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa, sai faifan ya yi nawa har tsarin RAID ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. Daga baya kamfanin ya ware masu tsohuwar fasahar CMR da sunan Red Plus.

Faifai na faɗin ciwonsa

Kusan kowane faifai na ajiye rahoton lafiyarsa, abin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi cikin daƙiƙoƙi. Lambobi kaɗan ne suka fi muhimmanci. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu. Lamba 197 da 198 na nuna waɗanda suka ƙi karantuwa. Idan waɗannan na ƙaruwa, faifan na bankwana ne. Lamba 199 kuwa, idan ita ce ke hawa, yawanci wayar SATA da ke haɗa faifan da kwamfuta ce ta saki ko ta yi tsatsa, faifan ba shi da laifi.

A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Sun kuma gano cewa kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko ɗaya. Wato idan rahoton ya yi gargaɗi a gaskata shi, idan ya yi shiru kada a saki jiki.

Lamba 9 ita ce abokiyar mai saye. Tana faɗin awannin da faifan ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da aka kawo daga Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja aka ce “kamar sabo ne”, idan ya nuna awa 35,000, ya yi kusan shekara huɗu yana juyawa dare da rana a wani wuri. Ko wannan lamba ma ana iya murɗa ta. A farkon 2025 mujallar fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu 'yan kasuwa ke goge awannin tsofaffin faifan Seagate suna sayar da su a matsayin sababbi, sai wani rahoto na daban da ke cikin faifan, mai suna FARM, ya tona asirin. Memori da filash na jabu kuwa sun fi yawa: a jiki an rubuta giga 64, a ciki ba su kai takwas ba, sai su yi ta karɓar kaya suna taka na farko. Manhajar H2testw tana cika su ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar cikinsu.

Maɓallin da ke cinye jari

Sau da yawa asara na faruwa ne a minti goma na farko bayan faifai ya ƙi hawa. Windows ta fito da saƙo tana tambaya ko a yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, layi ya taru a ƙofa, yaron shago ya danna amincewa don a wuce wurin. Wani kuma ya bubbuga faifan a tebur, ko ya sa shi a firji saboda ya ji an ce yana taimakawa, ko ya sa sukundireba ya buɗe murfin ya leƙa. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan faranti ta isa ta karce shi.

Ƙwararren mai gyara a hankali yake bi, daga mai arha zuwa mai tsada, yana sauya abu ɗaya a lokaci guda. Zai fara kashe na'urar ya kasa kunne. Faifan da ke juyawa sumul akwai fata a kansa. Wanda ke ƙas-ƙas ko da an ba shi isasshiyar wuta, kowane kunnawa ƙarin rauni ne, sai a ajiye shi. Daga nan ya sauya waya, ya sauya rami, ya cire sauran faifan ya bar ɗaya don ya ga ko wuta ce ta yi kaɗan. Ya duba agogo da saitin farko. Ya karanta SMART. Idan na'urar na daskarewa ba tare da wani dalili ba, ya zare RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya goge bakinsa ya mayar, ya bar MemTest86 ta kwana tana gwada shi, domin lalataccen RAM na ɓata fayil a kan lafiyayyen faifai.

Idan ta tabbata faifan ne, ba a yi masa gyara a jikinsa. Ana fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani da manhaja irin ddrescue, wadda ke tsallake gurabun da suka lalace ta kwashe masu kyau tukuna. A kan kwafin ne ake sa TestDisk ta nemo ɓataccen jadawali, ko PhotoRec ta tsinto hotuna da bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka ceto kuma ba a sauke shi a kan faifan da ake ceto daga gare shi.

Kwafi na biyu, a wani gida

Madubin RAID 1 yana kare mutum daga mutuwar faifai kaɗai. Abin da aka goge a wannan ya gogu a wancan nan take. Bairos, tsawa, ɓarawo da gobara duk biyun suke ɗauka tare. Jona rumbun da intanet ma yana da nasa haɗarin: a Yunin 2021 masu na'urar My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu komai daga nesa, ta wata kafa da masu kutse suka samu.

Ko manyan kamfanoni sun taɓa ɗanɗanawa. A 1998 wani umarni da aka buga bisa kuskure a kamfanin Pixar na Amurka ya share kusan kashi 90 cikin ɗari na fim ɗin Toy Story 2 ana tsakiyar haɗa shi, ajiyar kamfanin kuma aka tarar ba ta da amfani. Abin da ya cece su shi ne kwamfutar wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego. A cikin bargo aka naɗo kwamfutar aka kawo ofis a mota.

Mai ɗaukar hoto Peter Krogh ne ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Mutanen Gummi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan sashe na ƙarshe. A Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin ta rusa gidaje masu yawa, kuma ruwa bai tambayi faifai nawa ke cikin kwamfuta ba.

Ba kowa ke da kuɗin kwafe terabait takwas ba, kuma ba dole ba ne. Fim ɗin Kannywood da na Indiya ana iya sake samo su wurin abokin sana'a a Talatar Mafara ko Gusau. Bidiyon walimar saukar Alƙur'ani, da muryar kaka tana ba da tarihin gida, da rajistar ɗaliban makaranta, su ne ba su da na biyu a duniya, kuma yawanci faifan aljihu ɗaya ya ishe su. Ga mai ɗaukar biki a Gummi ko Nasarawar Burkullu, aikin bai wuce na yammacin Alhamis ba: ya jona ƙaramin faifan, ya kwafe aikin mako, ya buɗe fayil biyu ko uku ya tabbatar suna tashi, ya zare shi ta hanyar da ta dace. Sannan ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a roba mai murfi, ya saƙala a aljihun babur, ya kai gidan yayansa da ke kan tudu.